Gonar Mai Mangwaro Biyu

Namwera, ranar kasuwa.

Zuwa ga Yayana Malam Imedi, mai koyar da Turanci a Zomba, wanda kullum wuyansa a shaƙe yake da igiyar Turawa.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai nauyi, wadda ta fi buhun masarar da direba Che Matola zai sauke maka tare da wannan takarda. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shayi ka ci tuwo. Kawu Bwanali ma yana gaisuwa. Ni kuwa ina nan gindin ɓauren bakin kasuwa ina yi wa kekunan mutane faci, lafiyata lau.

Bayan haka, Yaya, akwai magana. A hutun nan da ka zo, sau nawa wandonka ya yage? Ni dai na ga ana kai shi rumfar Asiyatu mai ɗinki har ta fara gane shi daga nesa kamar ɗan'uwanta. Wanda ka manta a ɗaki na duba shi ciki da bai, ban ga yaga ko ɗaya da allura za ta shiga ba. Lukia mai fanke, wadda kaskonta ke maƙwabtaka da rumfar, ta ce in ka zo sai ka tsaya kamar an dasa ka, ka ce “Ina kwana” ko da la'asar ce, sannan ka dubi keken ɗinki ka ce yana da kyau. Keken ne za ka aura?

Kada bakin Lukia ya dame ka, kowa ta samu yanka take yi. Na ce mata in robar faci ta ƙare mini da fankenta zan riƙa toshe taya. Washegari ta ba ni guda kyauta har da murmushi, ashe barkono ta cusa a ciki. Na yi hawaye a gaban mai keken gawayi. Zan rama, in Allah ya yarda.

Kawu ya ce in da gaske kake, ka yi magana ya sa hularsa ya je ya ga kawun yarinyar. Ka yi sauri. Akwai wani mai shagon gishiri daga Mangochi da ya fara kawo mata ɗinki, shi kuma bakinsa ba a ɗinke yake ba.

Ka ba ni amsa da baƙaƙen allo yadda ka saba, ka san ni da rubutun boko sai kallo.

Ƙaninka mai rufa maka asiri a tsakiyar kasuwa,
Twaibu

*

Zomba.

Zuwa ga ƙanena Twaibu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙo ya iso. Ka yi wa Inna godiya, ka gaida Kawu da girmamawa.

Ba zan musa abin da ka faɗa ba, ko da yake ban ji daɗin yadda ka faɗe shi ba. Ina son Asiyatu. Amma ka roƙar mini Kawu ya ɗan dakata da hularsa. Ba na son ta ji zancen daga bakin manya tun kafin zuciyarta ta karkato.

Akwai wata kalma da na koyar da ɗalibaina a makon nan, tun daga ranar take yi mini yawo a kai. Turawan Ingila suna cewa woo. Ka rubuta harafin wawu ka ja shi, ka faɗe ta ke nan. Ma'anarta mutum ya yi ta neman zuciyar wadda yake so a hankali, da magana mai daɗi da kyauta da juriya, har ta amince don ranta. Ba ita ce tura kawu ba, wannan yana zuwa ne daga baya. Tsohuwar kalma ce ƙwarai, ta kai shekara dubu a bakinsu, kuma masana ba su tabbatar da inda ta fito ba. Wasu suna zaton dangin wata tsohuwar kalma ce da ke nufin abin da ya lanƙwasa, wato ka yi ta jawo zuciyar mutum har ta lanƙwaso gare ka kamar reshe. Samarinsu na yau ba su cika faɗarta ba, tana yi musu ƙamshin kakanni. A jarida aka fi ganinta yanzu, inda ake cewa ɗan siyasa yana yi wa masu ƙuri'a, ko ɗan kasuwa yana yi wa masu saye.

Abin da nake son yi ke nan. Ga ɗankwali mai ruwan ganye na ba Che Matola, ka kai mata da hannunka, ba tare da ƙarin gishiri ba. Sannan ka bincika mini a asirce abin da mahaifiyarta, Abiti Sumani, take daraja wa a wurin namiji. Ka san ban san ƙauyensu na tsallaken rafi ba sai daga nesa.

Twaibu, wannan ba abin wasa ba ne. Na dogara da kai.

Yayanka,
Imedi

*

Namwera.

Zuwa ga Yayana, shugaban masu wuu na ƙasar Zomba da kewaye.

Sallama da gaisuwa. Na karanta darasinka sau biyu, na biyun da ƙarfi, har kare ya amsa mini daga bayan masallaci. Ashe abin da masu neman ƙuri'a suka yi mana bara ke nan, da suka zo da sukari da atamfa? To Allah ya sa kada ka yi irin nasu, don tun da aka ƙirga ba mu sake ganin ƙurar motarsu ba.

Ɗankwali ya isa. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode, ta sa shi ƙarƙashin keke. Amma ranar Juma'a na gan shi a kanta. Mai gishiri ma ya gani, fuskarsa ta yi kamar hajarsa ta sha ruwa.

Yanzu ga abin da ka sa ni. Yaya, su mutanen tsallaken rafi har yau suna kan ta dā. Ɗankwali na yarinya ne, uwa kuwa gona take dubawa. Kai ma ka sani, namijin da zai je ya gina ɗaki a ƙauyen matarsa ya zauna cikin danginta, dole a ga bayansa ya san sunkuyo. A can, wanda ya shiga gonar uwar yarinya kafin ruwa ya sauka ya yi mata huɗa ba tare da an sa shi ba, ya gama magana, kowa ya san abin da ya kawo shi. Ga damina ta kusa, gonaki duk a kwance. In ka samu hutun tsakiyar zango, ka zo. Na wasa maka fartanya.

Gonar ba ta ɓata. In ka haye rafi ka bi hannun hagu, za ka ga wadda ke da mangwaro biyu da suri a gefenta. Ka shiga da sassafe ka fara. Kada ka tambayi kowa, tambaya tana zubar da ladan. In ka hango babbar mace ta nufo, ka san abin da suruki ke yi: ka kau da kai ka shige ciyawa har ta wuce. Ido da ido da surukuwa, Allah ya kiyaye.

Wai reshe ne zai lanƙwaso? Mu dai a nan mai son mangwaro shi ke sunkuyawa.

Ƙaninka mai ba da shawara kyauta,
Twaibu

*

Zomba.

Ƙanena Twaibu,

Gaisuwa da godiya. Na iso lafiya, sai dai ka yi haƙuri da rubutun, alƙalami ba ya zama a hannuna. Tafukan duk sun yi bororo sun fashe. Jiya ɗalibai suka ga ina riƙe alli da yatsu biyu kamar mai ɗaukar kunama, ban ba su bayani ba.

Ban samu na yi maka sallama ba da zan taho, an ce ka tafi Mangochi sayen roba. Shi ya sa nake ba ka labari a rubuce. Na gama gonar tun daga mangwaro har bakin suri. Kunyoyin farko sun karkace, amma na ƙarshe ko Kawu ba zai raina su ba. Na bi shawararka. Duk lokacin da na hango tsohuwar sai in faɗa ciyawa, har ƙaya ta yage mini wando, wannan karon da gaske. Na ji ta tsaya tana ta sa albarka, ban ɗago ba.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne abinci. Kullum in rana ta take, sai in tarar da kwano a gindin mangwaro, tuwo da 'yan kifin usipa da miyar ganyen kabewa, da kunun masara mai sanyi. Ban ga mai kawowa ba, amma ai ba sai an faɗa mini ba. Ban san Asiyatu tana da hannun barkono haka ba. Na cinye duka ina share hawaye.

Na sha zarginka da rashin hankali, yau na janye. Ka gaya wa Kawu ya fara kakkaɓe hularsa.

Yayanka mai godiya,
Imedi

*

Namwera.

Zuwa ga Malam Imedi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da ɗalibanka.

Ga ɗankwalinka na ba direba. Na wanke shi na goge, sau ɗaya kawai na ɗaura.

Ina taya ka murna. Duk kasuwa an san ka yi wa Abiti Jafali huɗar gonarta mai mangwaro biyu, kuma 'yarta Lukia ce ta yi ta kai maka abinci. Lukia maƙwabciyata ce a rumfa, yarinyar kirki ce, ba ka yi zaɓen banza ba. Da dai ka faɗa tun farko, da ba ka wahalar da wandunanka ba.

Gonar mahaifiyata tana hannun dama in an haye rafi. Ba don komai na faɗa ba, sai don mata sun yi ta tambayata ko ba ka san hanya ba ne, ni kuwa ban san abin da zan ce musu ba.

Allah ya sanya alheri.

Asiyatu

*

Zomba.

Twaibu,

Sallama, don addini ya ce a yi.

Hannun hagu ka ce. Mangwaro biyu ka ce. Ɗankwalin yana gabana a ninke, ga takardar Asiyatu a kansa.

Ba ciwon hannuna ke damuna ba. Ka sa yarinyar da ban taɓa iya gaya wa kalma ɗaya ba ta zama abin nuni a kasuwa. Ka kuma sa wata baiwar Allah, gwauruwa, tana ta sa wa surukin ƙarya albarka. In aka ce mata wasa ne, da wane ido za ta shiga mutane, ita da 'yarta? Ba ni da hutu sai ƙarshen zango, kafin nan mai gishiri ya gama nasa.

Kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Kada ka sake rubuto mini sai da abin da ka yi.

Imedi

*

Namwera, bayan Juma'a.

Zuwa ga Yayana, babban mutum mai yafiya, wanda tun muna yara bai taɓa dukana ya wuce kima ba.

Sallama irin ta wanda ya ji jiki. Yaya, ka zauna ka karanta wannan, ka ajiye bulalar tukuna. Malaminmu na allo ya sha gaya mana in za ka haƙa ramin mugunta ka haƙa shi gajere, ni kuwa lokacin ina bayan aji ina ɗaure rigunan yara biyu wuri ɗaya.

Ni lissafina, rana ɗaya za ka yi wani ya tsaya ya ce “Malam, ka ɓata hanya,” a yi dariya, Lukia ta sha tsiya a kasuwa, in rama barkonona. Ina na san za ka riƙa faɗawa ciyawa kamar zomo har ka gama gonar?

Takardarka ta same ni da safe. Kafin azahar sai ga Abiti Jafali a gidanmu, ita da ƙaninta Che Ndembo, da zakara a hammata da ƙwaryar gari a ka, wai sun zo ganin dangin suruki. Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Kawu ya aika aka kamo ni daga gindin ɓaure, hannuna duk baƙin mai. Aka shimfiɗa tabarmi, mata suka cika bayan danga.

Che Ndembo ya gyara zama ya ce, “Che Bwanali, ɗanku ya yi magana da fartanya, mun ji. Mun zo mu ji ta baki.”

Kawu bai dube shi ba, ni ya duba. Ka san kallon nan nasa da ke sa kaza ta fasa shiga ɗaki. Ya ce, “Twaibu, kai ka nuna gona. Yi bayani.”

Na dubi tsohuwar nan. Ta ci ado da sabon zane, tana ta murmushi, bakin nan ba haƙora sai biyu. Tun da mijinta ya rasu ba a taɓa gama mata huɗa kafin ruwa ba sai bana. Wallahi Yaya, na buɗe baki zan ce wasa ne, kalmar ta ƙi fita. Sai na ji bakina yana cewa, “Kawu, ai Yaya taya ni ya yi. Ni ne mai nema. Kunya ce ta hana ni shiga gonar da kaina.”

Kawu ya ce, “Kunya? Kai?”

Bayan danga aka kwashe da dariya har wata ta ƙware. Che Ndembo ya shafa gemu ya ce wa yana iya taya ƙani aikin surukai, an saba, ba a ga laifi ba. Abiti Jafali ta leƙo ni sama da ƙasa ta ce, “Mai facin nan ne? To, ko ba komai ba zan ƙara tura keke ba.” Ni kuwa na tuna yanzu surukuwata ce, na yi maza na juya mata ƙeya.

Ina cewa an gama, sai murya ta fito daga bayan danga. Ka san ko ta wace ce.

“Kawu, a tambaye shi, wanda ya aiki wani ya yi masa huɗa, in an kawo tuwo wa zai aika ya ci masa?”

Na ce, “Lukia, manya na magana.”

Ta ce, “Manya na magana ranar da na gan ka kwance bayan suri kana dariya har kana dukan ƙasa? Tun ranar farko na san aikinka ne. Na ce bari in ciyar da bawan Allah, gona dai ta samu huɗa, in ga inda mai dariya zai ƙare. Ga shi kuwa ka ƙare a tabarma.”

Yaya, ka ji fa. Dara ta ci gida. Barkonon da ka sha, nawa ne, kai ka karɓar mini.

Che Ndembo ya ce, “To ke kin yarda da shi?”

Ta ce, “Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. Akwai gonar fadama ta bakin rafi, wadda tofa ta cinye. Ya shiga da bayansa, ba na aro ba. In ya fito da rai, sai ya zo ya nemi zuciyata yadda ake nema, in duba.”

Aka yanka zakara, aka ci, ni ban ji ɗanɗanonsa ba.

Yanzu ga taka. Lukia ta ce ba ta san kana da niyyar Asiyatu da gaske ba sai da ta ga an wanke ɗankwali. A yammacin nan ta ja ni har rumfar ɗinki, ta tsayar da ni, ta ce in faɗi komai da bakina. Na faɗa, har da faɗawarka ciyawa da ƙayar da ta kama wando. Asiyatu ta yi ta taka keke ba ta ɗago ba, amma na ga kafaɗunta suna rawa. Da na gama ta ce, “Ka gaya wa yayanka gonar mahaifiyata ƙannena sun huɗe ta tun jiya, ba ma buƙatar fartanyarsa. Mutumin da zai iya huɗe gona guda saboda ni, ya kasa buɗe baki ya gaya mini? Ya zo ya faɗa. In ya ce mini ina kwana da la'asar, ya koma.”

Na ce, “Mai gishiri fa?”

Ta ce, “Shi ya faɗa tuni. Amsa ce bai samu ba.”

Ka ji abin da na yi. In da saura, ka faɗa.

Ƙaninka, surukin Abiti Jafali in an ga dama,
Twaibu

*

Zomba.

Ƙanena Twaibu,

Wa alaikumus salam, wannan karon da zuciya ɗaya. Na karanta takardarka a ɗakin malamai, dariya ta ƙwace mini har shugaban makaranta ya leƙo.

Na yafe. Abu ɗaya kawai nake so ka amsa wa kanka, ba ni ba. Gonaki sun fi a ƙirga a tsallaken rafi. Me ya sa tun farko ta gidan su Lukia ce ta faɗo maka a rai? Kuma wa ya kama bakinka a kan tabarma?

Na roƙi izini, zan taho ranar Asabar a motar Che Matola, da ɗankwalin a aljihuna. Ba zan kawo wando ba. Na shekara ina koya wa yara kalmomin Turawa, yanzu ina tsaye gaban madubi ina koyon guda uku a harshen Inna. Ka yi mini addu'a, ka kuma yi nesa da rumfar in na zo.

Yayanka,
Imedi

*

Bakin rafi, gonar fadama.

Yaya,

Sallama a gurguje, a kan gwiwata nake rubutu, Che Matola yana ta matsa hon a kan hanya.

Tun da ka koma ɗankwalin bai sauka daga kan Asiyatu ba, Kawu kuma ya wanke hula. Ban tambayi abin da ka ce mata ba. Lukia ce ta ji, ta ce ka yi in'ina amma ka kai.

Ni kuwa tofa ta kusa kashe ni, bayana ya zama baka. Jiya na tarar da kwano a bakin gona, na ci ina jiran wuta, sai na ji ba barkono ko kaɗan. Yaya, na tsorata. Na kasa tsokanarta yau a kasuwa, na tsaya gaban kasko na ce mata yana da kyau.

Don Allah ka sake rubuto mini bayanin kalmar nan taka, daga farko, a hankali. Wancan na yi wa wani faci na goge hannu da shi.

Ƙaninka,
Twaibu